Warin Ba Daga Jikinta Yake Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A farkon shekarun 1980 ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina aji uku a fannin Shari'a, muna haya a wani ɗaki a unguwar Darrasa ni da 'yan'uwa uku daga gida. Shekaruna ashirin da biyar, ga ɗan gemu ya fara tsirowa ina ta shafa shi, ga Larabcin titi ya zauna a bakina daram. Wannan Larabcin shi ne jarina, domin duk Bahaushen da ya sauka garin, jinya ta kawo shi ko fatauci, sai an ce a nemo ni in yi masa tafinta. Ina ji da kaina ƙwarai da gaske. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: biyu daga abokan ɗakina sun sauke farali, ana kiransu Alhaji, ni kuwa teku ɗaya ce tsakanina da Makka amma tallafin karatun da ake ba mu da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata a kan wake da burodi. Na rubuto ne don in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi, wanda ko matata ban taɓa gaya wa ba. Ba zan kama sunan kowa ba.

Ana saura wata biyu aikin Hajji aka haɗa ni da wani Alhaji mutumin Damagaram, mai fataucin fata da ƙirgi zuwa Faransa. Ya kawo mahaifiyarsa an yi mata aikin yanar ido, aiki ya yi kyau, sai ya ƙudura ya wuce da ita Makka daga nan. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, siririya, mai ciwon suga, kuma ciwon ya sa ba ta iya riƙe fitsari na dogon lokaci. Alhaji ya je Hajji sau uku, ya ga layin ban-ɗaki a Mina da Arfa, ya ga tsofaffin da abin ya kuɓuce musu a cikin mutane, ya ce uwarsa ba za ta ga wannan rana ba. Don haka ya sayo sabuwar mota daga Faransa aka sauke masa ita a Iskandariya, irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita, mai gado da wurin girki da ɗan ban-ɗaki a ciki. Ko ledar kujerun ba a ɓare ba. Shi gado da murhu ba su dame shi ba, ban-ɗakin nan ya saya. Shirinsa ya tuƙa ta zuwa Suwes, a loda su a jirgin ruwa har Jidda. Shi Hausa da Faransanci yake ji, matarsa mai kula da tsohuwa kuwa Hausa kaɗai, saboda haka ya ce in bi su in zama bakinsu, shi kuma ya ɗauke mini komai na Hajji. Ranar da ya faɗa mini haka sai da na wuce tashar bas da nisa kafin na farga.

Sun ajiye motar a wani fili a Giza inda baƙi masu irin waɗannan motoci ke sauka, suka tare a cikinta suna jiran ranar jirgi. Kullum nakan je da safe. Tun ranar farko tsohuwa ta mai da ni jikanta, ba ta kirana sai da angona, tana cewa da wannan gemun mai gashi bakwai ne zan riƙe ta, ni kuma in ce mata amaryar da ba ta da haƙori sadakinta goro ɗaya ne, shi ma sai an daka. Inna nake ce mata. Takan ajiye mini kilishin da suka zo da shi, ta ɓoye wa ɗanta. Wata rana ta sa matar Alhaji ta ɗaga katifarta, ta buɗe akwatin katakon da ke ƙarƙashin gadon, ta fito da wani ƙulli ta nuna mini. Likkafaninta ne. Ta ce da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta saye shi tun mijinta na da rai, ba ta yarda ɗanta ya sa ko sisi ba, kuma burinta ta tsoma shi a ruwan Zamzam da hannunta, daga nan duk ranar da Mai abu Ya karɓi abinSa ba ta da ƙorafi. Ta mayar da shi can ƙasan akwatin, jikin bangon ban-ɗaki.

Ana saura kwana tara jirgi ya tashi, Alhaji ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin motar, ƙudaje sun taru. Irin wannan mota ba ta zubar da ƙazanta a ƙasa, tanki gare ta na roba a ƙarƙashin ban-ɗakin, komai can yake taruwa, bayan kwana huɗu ko biyar a je bakin rami a buɗe a zubar. To wannan tankin ne ke yoyo, a motar da ba ta yi wata biyu da fitowa ba. Kamfanin ba shi da wakili a Masar. Muka yi ta tambaya har aka kwatanta mana garejin wani dattijon Bamisire mai walda da gyaran bodi, wanda kowa ke kira Usta, wato babban maigyara. Ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya fito, ya kwance wani katako a ciki, ya daɗe yana latsa robar da babban yatsa. Sa'annan ya wanke hannu, ya sa aka kawo mana shayi, ya juyo gare ni tun da ni ne mai jin maganarsa.

Har yau zan iya maimaita abin da ya faɗa. Ya ce tankin ya tsage daga wuyansa, inda bututun masai ya shiga, tsagar kuma ta gangaro har wajen rabinsa, wataƙila tun wajen loda motar a jirgi. Ya ce irin wannan robar mai santsi ba ta riƙe gam, duk facin da ya yi zai tare ɗigar da ke zuwa ƙasa ne kawai, amma da zarar ruwa ya haura rabi zai nemi wata hanya, kuma hanyar da ta rage ita ce ta cikin katakon motar. Ya ce Bature ya auna tankin ne da mutanen da ke amfani da takarda, mu kuwa da su mutanen buta ne, ga alwala sau biyar, a kwana biyu za mu cika abin da Bature ke cikawa a kwana biyar. Gyara na gaskiya, in ji shi, a cire shi a ƙera sabo na ƙarfe, kuma ba zai iya ba ƙasa da kwana goma sha biyu, don sai ya nemo farantin da ba ya tsatsa. In kuma mun matsa sai faci, to zai yi, da sharaɗin a riƙa zubarwa kowace rana ba fashi, kada a bari ya kai rabi. Yana magana ina lissafi a zuci. Kwana goma sha biyu, jirgi saura tara, kuma shi ne na ƙarshe mai ɗaukar motoci. Na san Alhaji, muddin ya ji haka zai ajiye motar ya ɗauki uwarsa da matarsa a jirgin sama, ya nemi wata dabara a can, inda Hausawa suka yi yawa ba ya bukatar tafinta. Da ya tambaye ni me Usta ya ce, sai na ji bakina yana cewa ƙaramar tsaga ce, zai liƙe ta yau, kuma ya ce za ta kai mu ta dawo da mu. Alhaji ya yi hamdala, ya ɗaga wa Usta hannu ya ce tamam, wato ya yi daidai, kalmar Larabcin da ya iya ke nan. Usta ya ɗauka an yarda da sharaɗinsa, ya kama aiki.

Kada mai karatu ya zaci ban da hujja a lokacin. Hujjoji kam na tara su, ai abin da ake koya mana ke nan. Na ce wa kaina ni zan riƙa zubarwa kullum a ɓoye, in mun hau jirgi sai in faɗi gaskiya, lokacin ba damar a sauke ni. Na kuma ce ai maganar yawan shigar uwar mutum ban-ɗaki ba abin da yaro zai yi da babba ba ne, kunya ma ta hana. Washegari na faki idonsu na jawo bokiti na buɗe bakin tankin. Abin ya fantsamo mini a jallabiya da hannu, na yi ta kelaya amai a bayan wata bishiyar dabino, na koma Darrasa a bas mutane na matsawa daga kusa da ni. Ni da ake kira Ustaz. Daga ranar ban sake ba. Na ce faci ne sabo, ai zai yi haƙuri na mako ɗaya, Misirawa ma akwai su da zuzuta aiki don a ba su babba.

A kwana na uku wari ya fara. Ba mai ƙarfi ba ne, sai rana ta take motar ta ɗauki zafi yake tasowa, kuma daga wajen gadon Inna yake fitowa. Alhaji ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ga ƙasa a bushe ƙayau, ya yaba wa aikin Usta. Ya shiga ciki, na ga hancinsa ya motsa, ya dubi gadon uwarsa, ya sunkuyar da kai ya fita. Matarsa kuwa surukarta ce, ko da wuƙa a wuya ba za ta ce gadon Inna na wari ba, sai ta ƙara turaren wuta, ta riƙa canza zanen gado sau biyu a rana. Kowa ya ji, kowa ya yi wa abin fassara ɗaya, kowa ya yi shiru don girmama tsohuwa. Ni kaɗai na san inda yake fitowa, na bi sahunsu na yi shiru, har ina taya su da fuskar tausayi.

A kwana na huɗu Inna ta aiki matar Alhaji sayen tumatir, ta kira ni. Ba ta ce angona ba, Malam ta ce, kuma ba ta dube ni ba. Ta ce tana da tambaya a kan wata ƙawarta can gida, tsohuwa, wadda ba ta jin fitar komai daga jikinta amma wari na bin ta duk inda ta kwanta, ta wanke ta sake wankewa bai bari ba. Shin sallar wannan mata ta karɓu, kuma ya halatta ta shiga Ɗakin Allah ta cuci bayinSa da ke gefenta? Wallahi na gane. Ƙofa ce Allah Ya buɗe mini, jimla ɗaya ta isa, in ce Inna tankin ne. Maimakon haka na gyara zama na shafa gemu, na jero mata hukuncin mai yoyon fitsari yadda muka haddace shi, cewa an yi masa rangwame, alwalarsa ba ta karyewa, abin da ya taɓa tufarsa abin yafewa ne, har da Larabcinsa na kawo don ta san ba da ka nake magana ba. Duk abin da na faɗa daidai ne a littafi. Amma abin da ta ji shi ne malami ya tabbatar mata daga jikinta ne. Ta ce Allah Ya ƙara sani, ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta ba ni kilishi ba, ni ma ban iya tsayawa cin abinci ba.

Daga nan ta daina shan ruwa. Ba wanda ta gaya wa. In an miƙa mata kofi sai ta kai baki ta jiƙa leɓe, in an juya ta zuba a tukunyar wanke-wanke, shayi ta ce ya ishe ta, kunu ta ce ba ya mata daɗi. A tunaninta in babu abin da ya shiga babu abin da zai fita ya kunyata ta a gaban ɗanta. Lokacin zafi ne na Alƙahira, ga ciwon suga, ga mota ta ƙarfe a rana. Na lura da leɓenta ya tsattsage, na lura ta daina tsokanata, na ce a raina saura kwana uku, saura kwana biyu. Ana jibi tafiya, da hantsi, ta tashi za ta yi walaha ta yanke jiki ta faɗi. Muka ɗauke ta a tasi zuwa asibiti, kanta a cinyar matar Alhaji, ba ta san wanda ke kanta ba. Likita ya ce jikinta ya bushe, suga ya hau, ƙoda ta taɓu, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo ya ce in tambaye ta me ya sa ta bar shan ruwa. Ta ce ƙishirwa ce ba ta ji. Na fassara masa kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ce batun tafiya a manta da shi bana.

Jirgi ya tashi muna asibiti. Washegari Alhaji ya ce mu je mota mu ɗebo mata kaya. Ya ɗaga katifa ya buɗe akwatin, warin ya buge mu. Katakon ƙasa ya jiƙe ya kumbura, ruwan tanki ya bi ta jikin bango ya kwanta a ciki, ƙullin likkafanin nan yana tsakiyarsa, ya sha ya canza launi. Babban mutum, mai motoci da yara, ya zauna a ƙasan mota ya riƙe kai yana kuka. Muka koma gareji. Usta na ganin abin ya juyo kaina da faɗa, yana cewa bai gaya mini kullum a zubar ba, bai ce kada ya kai rabi ba, yana nuna ni da sifana. Alhaji ya tambaye ni me yake cewa. Na ce haƙuri yake bayarwa, ya ce facin ne ya ci amanarsa. Alhaji ya dafa kafaɗar Usta ya ce masa ma'alish, wato ba komai, kalma ta biyu da ya koya. Usta ya dube shi, ya dube ni, ya gane komai. Ya ƙera sabon tanki na ƙarfe a kwana goma sha biyu cif, ya canza katakon, ya cika shi da ruwa ya bar shi kwana biyu bai ɗiga ba. Duk zuwan da na yi, ɗan kofin shayi ɗaya yake sa a kawo, na Alhaji.

Alhaji ya miƙa mini likkafanin ya ce ni ne malami, na san yadda ake gusar da najasa, in taimaka in wanke shi. Ya kuma roƙe ni don Allah kada Inna ta ji tankin ya yi yoyo a ƙarƙashinta, don in ta ji za ta tambayi likkafaninta, kuma zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Shi bai san tambayar da ta yi mini ba, bai san me ya hana ta shan ruwa ba. Na yi masa alkawari da sauri, har da jin sanyi a raina, don ya ba ni mafakar da nake nema. A saman benen gidanmu na Darrasa na wanke shi, na yi ta sake ruwa har fatar hannuna ta yi fari, na shanya shi a igiyar da muke shanya jallabiyoyinmu. Ranar ana ta kabbarorin Idi a masallatai, alhazai suna Mina.

Bayan mako uku aka sallame ta, za su koma gida ta jirgin sama, motar kuma Alhaji ya sayar wa wani Bature. Na raka su filin jirgi. Tana kan keken marasa lafiya ta kama hannuna ta jawo ni kusa, ta ce tana da abu biyu da za ta gaya wa angonta. Na farko in yafe mata, ta yi mini sanadin rasa Hajji. Na biyu ta gode da na yi ta zama kusa da ita ina mata hira ban taɓa toshe hanci ba, ta san abin da na jure, Allah Ya ba ni 'ya'yan da za su rufa mini asiri in na tsufa kamar yadda na rufa mata. Na buɗe baki, na ga Alhaji tsaye a bayanta, na ce ba komai Inna. Wata bakwai bayan haka wasiƙarsa ta zo. Ta rasu, ƙodar ba ta koma daidai ba. Ya ce tun da suka koma ba ta ƙara yarda ta shiga sahun mata a masallaci ko ta zauna a taron suna ba, kullum tana ɗaki ita kaɗai, sun rasa dalili. A likkafanin nan aka sa ta.

Na je Hajji daga baya har sau huɗu, ɗaya na yi mata ne. Malamai sun ce ladan ya isa gare ta, ina fata haka ne, amma bai sauke mini komai ba. Ajali na Allah ne, na sani, na karantar da hakan shekaru da yawa. Sai dai wata bakwai da baiwar Allah ta yi tana ƙyamar jikinta tana gudun mutane, wannan ni na yi mata. Alhaji ma ya rasu ban gaya masa ba, kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace. Ina kira ga duk wanda aka ɗora wa amanar zama bakin wani, a asibiti ne ko a gareji ko a ofis, ya isar da magana yadda aka faɗe ta, ko da za ta rushe masa shiri. In maigyara ya ce abu na canzawa ne, kada son sauri ya sa a ce a liƙe, musamman abin da ke riƙe ƙazanta, don in an toshe masa waje ciki zai koma. Masu tsofaffi a gida, ku sa ido a kan kofin ruwansu, kuma kada kunya ta hana ku binciken abin da hancinku ya ji kafin ku ɗora wa mutum. Ɗaliban ilimi kuwa, in tsoho ya kawo muku tambayar wata ƙawarsa can gida, ku fara neman abin da ke damunsa kafin ku buɗe littafi.

Yanzu na kai shekarun da take da su a lokacin, ni ma suga ya kama ni, 'ya'yana suna rufa mini asiri kamar yadda ta roƙa mini. Ina neman masu karatu su sa ta a addu'a. Abin da ya kamata in faɗa mata ranar da ta kira ni Malam, bari in faɗe shi a nan ko da ba za ta ji ba: Inna, tankin ne ya tsage, kuma na sani tun ranar farko. Ke tsaf kike.